Tarihin Henri Dunant, Wanda Ya Aza Tushen Red Cross

Ba mu tsammanin akwai wani daga cikinmu, malami ko ɗan makaranta, wanda bai taɓa ganin alamar nan ta jan gicciye bisa farin ƙyalle ba, ko kuwa 'yar'uwarta ta jan jinjirin wata. A kan gan ta a damtsen samari masu agaji ran hawan salla, da inda aka yi gobara, da inda ruwa ya ci gidaje. Amma kaɗan ne suka san mutumin da ya yi sanadinta. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo tarihinsa cikin wannan mujalla tamu, domin akwai abin lura a ciki. Tausayi dai tsohon abu ne, tun da aka halicci ɗan Adam a ke yinsa. Abin da wannan mutum ya gane, har ya ɓatar da dukiyarsa da mutuncinsa a kai, shi ne tausayin da ba a yi masa tanadi ba tun lafiya lau ba ya ceton mutane da yawa ran da masifa ta sauka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Henri Dunant ran 8 ga watan Mayu, 1828, a birnin Jeniba na ƙasar Suwizalan, wata 'yar ƙasa mai duwatsu da ke tsakanin Faransa da Jamus da Italiya da Ostiriya. Gidansu gidan wadata ne, kuma masu riƙon addininsu na Kirista ne ƙwarai. Ubansa attajiri ne, ya kan lura da sha'anin marayu da mutanen da aka sako daga kurkuku. Uwarsa kuwa ta kan zaga gidajen matalauta da marasa lafiya, ta kan tafi da shi. Yana ɗan yaro ubansa ya kai shi garin Tulon a Faransa, ya ga fursunoni cikin mari ana ba su aiki mai tsanani, abin nan kuwa bai fita ransa ba.

A makaranta bai yi wani abin kirki ba, har ya bar ta ba tare da ya ƙare ba, aka sa shi koyon aikin banki a shekara ta 1849. Amma wajen tara mutane a kan abu guda ba shi da na biyu. Tun yana saurayi ya haɗa abokansa, su kan taru ran Alhamis su yi karatun littafinsu, sa'an nan su taimaki matalauta, shi kuma ya kan ziyarci 'yan kurkuku. A 1852 ya kafa reshen jam'iyyar samarin Kirista a Jeniba, a 1855 kuma yana cikin waɗanda suka taru a Faris suka haɗa rassanta na ƙasashe dabam dabam suka zama abu ɗaya. A nan ne ya koyi rubuta wasiƙu zuwa nesa, da shawo kan manya, da haɗa mutanen da harshensu ba ɗaya ba ne.

A 1853 sha'anin ciniki ya kai shi Aljeriya, wadda a sa'an nan ta ke hannun Faransawa. Daga baya ya kafa kamfaninsa, ya karɓi kuɗin mutanen Jeniba, ya gina injin niƙan alkama a wani wuri da a ke kira Mons-Jamila. Ya kamata a tuna ƙasar da irin waɗannan kamfanoni su ke nema ƙasar mutanen Aljeriya ce da aka karɓe da ƙarfin bindiga. Injin ya tsaya, amma gonaki da izinin ruwan da za su sa ya ci riba suka ƙi samuwa, ma'aikatan gwamnati suka yi ta yi masa jeka-ka-dawo. Da ya gaji sai ya ƙudura ya kai kukansa wurin Sarkin Faransa, Napoleon na Uku, da kansa. Sarki kuwa a lokacin yana arewacin Italiya wajen yaƙi. Dunant ya bi shi can. Watau neman biyan bukatar kansa ne ya fitar da shi daga gida, bai san abin da ke jiransa ba.

Solferino

Ran 24 ga watan Yuni, 1859, rundunar Faransa da ta Sardiniya suka gamu da rundunar Ostiriya kusa da wani ƙauye wai shi Solferino. Sojan da suka kara sun kai wajen 300,000, sarakuna uku kuma suna wurin da kansu. Aka fara tun da asuba cikin zafin rana da ƙishirwa, ba a rabu ba sai da hadari ya taso da la'asar. Da ƙura ta lafa, mutum wajen 40,000 suna kwance, waɗansu matattu, waɗansu da sauran numfashi. Likitocin soja kaɗan ne, magani da ƙyallen ɗaurin rauni ba su iso ba, motocin doki na ɗaukar masu rauni ba su isa kome ba. Mutane da yawa waɗanda rauninsu ba na mutuwa ba ne suka mutu don ƙishirwa da ruɓewar miki.

Dunant ya sauka a wani gari kusa da filin daga, sunansa Kastiliyone. Ya tarar an jibge masu rauni fiye da 9,000 a garin, cikin majami'u, da gidaje, da bakin hanya. Shi ba likita ba ne, ba soja ba ne, ba kuwa wanda ya sa shi. Ya ajiye zancen injin niƙa, ya shiga babbar majami'ar garin, ya tara mata da 'yan mata da yara, ya raba musu aiki. Waɗansu suna ɗebo ruwa, waɗansu suna wanke miki, waɗansu suna ba da romo. Ya aiki mai tuƙa masa keken doki zuwa birnin Biresha ya sayo ƙyalle da soso da lemo da taba da kuɗin aljihunsa. Ya zauna kusa da masu mutuwa yana rubuta musu wasiƙun sallama zuwa ga iyayensu. Ya kuma roƙi shugabannin sojan Faransa su saki likitocin Ostiriya da aka kama, don su taya aiki, aka sake su.

Da fari matan garin sun fi karkata ga sojan Faransa, domin su ne suka zo taimakon ƙasarsu, 'yan Ostiriya kuwa abokan gaba ne. Da suka ga baƙon nan ba ya tambayar kowa ƙasarsa kafin ya ba shi ruwa, sai suka bi sawunsa, suna cewa duka 'yan'uwa ne. To, amma duk da wannan ƙoƙari mutane suka yi ta mutuwa a hannunsu, don masu taimakon ba su san aikin ba, ba su da kaya, sun kuma zo a makare. Abin da ya tsaya wa Dunant a rai ke nan. Ya ga alheri ya yi yawa a garin, shiri ne babu. Bukatar da ta kawo shi kuwa ba ta biya ba, ya koma gida hannu wofi.

Littafi da mutum biyar

Shekara uku abin yana cinsa. A 1862 ya buga wani ɗan littafi da Faransanci, Un souvenir de Solférino, watau tunawa da Solferino. Da kuɗinsa ya buga guda 1,600, ya aika wa sarakuna da waziransu da manyan soja na Turai. Bai ɓoye kome ba na ƙazantar abin da ya gani. A ƙarshen littafin ya kawo shawara biyu. Ta fari, kowace ƙasa ta kafa jam'iyyar masu aikin sa kai tun ana zaman lafiya, a koya musu jiyya, a tanadi kaya, don in yaƙi ya tashi su taimaki likitocin soja. Ta biyu, ƙasashe su ƙulla alkawari a rubuce wanda zai tsare masu rauni da masu jiyyarsu.

Wani lauya na Jeniba, Gustave Moynier, shugaban wata jam'iyyar kyautata zaman jama'a, ya karanta littafin ya kai shi gaban jam'iyyarsu. Aka zaɓi mutum biyar su duba al'amarin: Dunant, da Moynier, da wani tsohon janar mai suna Dufour, da likita biyu, Appia da Maunoir. Suka yi zamansu na fari ran 17 ga watan Fabrairu, 1863. Wannan 'yar majalisa ita ce ta zama Kwamitin Red Cross na Duniya, wanda har yanzu mazauninsa na Jeniba.

Tun daga nan saɓani ya shiga tsakanin Dunant da Moynier. Dunant yana so a ɗauki likitoci da masu jiyya na kowane gefe a kan 'yan ba-ruwanmu, kada a harbe su, kada a kama su. Moynier mutum ne mai taka-tsantsan, yana ganin sarakuna ba za su yarda ba, gara a nemi kaɗan a samu. Dunant ya tafi Balin cikin watan Satumba, ya rarraba takarda mai ɗauke da wannan shawara ba tare da ya jira yardar abokansa ba, sa'an nan ya bi fadodin Jamus yana roƙon a aiko da wakilai. Cikin watan Oktoba mutum 36 suka taru a Jeniba, suka yarda a kafa jam'iyyun, suka kuma zaɓi alama guda wadda kowa zai sani, jan gicciye bisa fari. Ran 22 ga watan Agusta, 1864, ƙasashe 12 suka sa hannu a kan Alkawarin Jeniba na fari. Sharuɗɗansa goma ne tak. Gindinsu shi ne, sojan da ya ji rauni ko ya yi ciwo a ɗauke shi a yi masa magani ko na wane gefe ne, asibiti da motar masu rauni da ma'aikatansu ba a taɓa su, mutanen gari da suka taimaki masu rauni su ma ba a cuce su. Shawarar da aka ce ba za ta yiwu ba ita ce ta zama zuciyar alkawarin. Shi kuwa mai ita, a wajen taron, aikin da aka ba shi shi ne lura da masaukin baƙi.

Mu da muka fara da makarantar allo ba za mu ji wannan ka'ida baƙuwa ba. Mun karanta yadda Halifa Abubakar ya gargaɗi rundunarsa kada su kashe mata da yara da tsofaffi, kada su sare itatuwa masu 'ya'ya. Mun ji labarin Rufaida, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jiyyar masu rauni lokacin yaƙin Handak, da na fursunonin Badar waɗanda aka fanshi waɗansunsu da koya wa yara goma rubutu. A Aljeriya ma, inda Dunant ya yi ciniki, Amir Abdulƙadir ya shahara da kyautata wa fursunonin Faransa tun kafin Solferino. Sabon abin da aka yi a Jeniba shi ne, waɗanda za su yi gaba da juna gobe sun sa hannu a takarda guda yau, kuma an tsai da mutane waɗanda aikinsu ke nan. Daular Usmaniyya ta Santambul ta shiga alkawarin a 1865. A 1876 ta sanar cewa ita za ta yi aiki da jan jinjirin wata, domin gicciye yana sosa ran sojanta Musulmi, amma za ta girmama alamar abokan gaba. A 1929 aka shigar da jinjirin watan cikin alkawari, darajarsu ɗaya.

Faɗuwarsa

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Yayin da Dunant ke yawon fadodi, cinikinsa na Aljeriya yana lalacewa. A 1867 wani bankin Jeniba da ya ke cikin shugabanninsa ya karye, kuɗin mutane da yawa suka salwanta, har da na danginsa da abokansa. A 1868 kotun ciniki ta ɗora masa laifin ruɗin abokan tarayyarsa. A gari irin Jeniba, inda amanar kuɗi ita ce mutuncin mutum, wannan daidai ya ke da mutuwa. Tun kafin hukuncin, Moynier ya ga sunan Dunant zai ɓata aikin, ya sa ya sauka daga zama magatakarda, aka kuma fid da shi daga kwamitin. Ya bar garin haihuwarsa a 1867, bai sake komawa ba har ya mutu.

Ba za mu wanke shi sarai ba, domin waɗanda kuɗinsu ya nutse su ma suna da hakki. Ba kuwa za mu la'anci Moynier ba, domin shi ya riƙe kwamitin shekara arba'in da 'yan kai, ya tsara dokokinsa, ya sa ya tsaya da ƙafarsa. Da babu zafin zuciyar Dunant da ba a fara ba, da babu haƙurin Moynier da ba a ɗore ba. Abin takaici dai shi ne ba su taɓa shiryawa ba.

Dunant ya zauna a Faris cikin talauci. Wata rana ya kan kwana a waje, ya kan shafa tawada inda kwat ɗinsa ya koɗe, ya goga alli a wuyan rigarsa don ta yi fari. Duk da haka bai bar abin da ya sa gaba ba. Lokacin yaƙin Faransa da Jamus na 1870 ya yi ta kai da kawowa wajen taimakon masu rauni. Ya yi ta kira a ƙulla wani alkawari saboda fursunonin yaƙi, ya kuma yi magana a kan hana cinikin bayi. Ba wanda ya saurare shi sosai. Ya yi shekaru yana gararamba tsakanin garuruwan Jamus da Italiya da waɗansu wurare, jam'iyyun da ya yi sanadinsu suna ta yaɗuwa, ana ta taro ba a ko ambatonsa, har mutane da yawa suka ɗauka ya mutu.

A 1887 ya sauka a wani ƙauye mai suna Haiden a gabashin Suwizalan, yana ci da ɗan abin da danginsa ke aiko masa. Daga 1892 ya koma wani ɗaki a asibitin ƙauyen, nan ya ƙare kwanakinsa. A nan akwai abin da ya shafe mu, mu masu koyon aikin malanta. Malamin makarantar ƙauyen, Wilhelm Sonderegger, shi ne ya kula da tsohon, ya ƙarfafa masa zuciya ya rubuta abin da ya sani. Wani malamin kuma a Jamus, Rudolf Müller, ya bi diddigin al'amarin, ya buga littafi a 1897 wanda ya nuna ko wane ne ya aza tushen. Tsakanin haka, a 1895, wani ɗan jarida, Georg Baumberger, ya rubuta labarinsa, jaridun Turai suka ɗauka. Sai ga wasiƙu da kyautai daga ko'ina. A 1901, shekarar da aka fara ba da kyautar Nobel ta zaman lafiya, aka raba ta tsakaninsa da wani Bafaranshe, Frédéric Passy. Bai je karɓa ba, bai kuma ci kuɗin ba. Cikin wasiyyarsa ya bar wani kashi ga waɗanda suka yi jiyyarsa, wani ga ayyukan alheri a Nowe da Suwizalan, ya kuma sa a ajiye gado guda a asibitin Haiden kyauta domin matalaucin da ba shi da abin biya. Ya mutu ran 30 ga watan Oktoba, 1910, yana da shekara 82, wata biyu bayan Moynier. Aka binne shi a Zurik ba tare da wani biki ba, yadda ya nema.

Yadda aikin ya bunƙasa bayansa

Kowane babban yaƙi ya nuna inda alkawarin ya gaza, sa'an nan a yi masa ƙari. A yaƙin 1914 kwamitin ya buɗe ofis a Jeniba mai tattara sunayen fursunoni a kan miliyoyin katuna, don iyali su san inda nasu ya ke. A 1929 aka ƙulla alkawarin fursunonin yaƙi, abin da Dunant ya yi ta roƙo tun fiye da shekara hamsin baya. A yaƙin Hitila aka ga babu dokar da ta tsare farar hula sosai, kwamitin kuma ya san ana hallaka Yahudawa a sansanoni amma bai fito ya faɗa wa duniya ba, abin da shi da kansa ya amsa daga baya cewa babbar kasawa ce. Saboda haka ran 12 ga watan Agusta, 1949, aka sa hannu a kan alkawari huɗu: na masu rauni a tudu, na masu rauni a teku, na fursunoni, da na farar hula. Ƙasashe 196 sun shiga cikinsu.

Aikin kuwa ƙafa uku gare shi, kamar murhu. Akwai kwamitin Jeniba, wanda ke shiga inda a ke yaƙi, ya ziyarci fursunoni, ya sada iyalan da suka rabu. Akwai jam'iyyar kowace ƙasa, guda ɗaya tak a ƙasa, mai masu aikin sa kai. Akwai kuma tarayyar waɗannan jam'iyyu, wadda aka kafa a 1919 don haɗa taimako in an yi yunwa, ko annoba, ko ambaliya, ko girgizar ƙasa. A 1965 a birnin Biyana aka tsai da ka'idodi bakwai, manyansu su ne: a taimaki mutum don shi mutum ne, a fara da wanda ya fi bukata ba tare da duban kabila ko addini ba, kada a goyi bayan kowane gefe, kada a zama ɗan aiken wata gwamnati. Majalisar Ɗinkin Duniya ita ma ta kafa nata ma'aikatu, na yara a 1946, na 'yan gudun hijira a 1950, na abinci a 1961, a 1991 kuma ta tsara yadda za a riƙa haɗa kan masu agaji, ta ɗauko waɗansu daga cikin ka'idodin nan.

Abin da ya iso ƙasarmu

A ƙasar Kano an san masifar da ta zo babu shiri. Damina ta ƙi a 1913, yunwar da a ke kira Kakalaba ta biyo baya a 1914, mutane masu yawa suka mutu, alhali jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano. Taimakon da gwamnati ta kawo kaɗan ne, ya kuma zo a makare, babu kuma wata tarayya ta duniya a lokacin da za a kai wa kuka. Jam'iyyar Red Cross ta Nijeriya ta samu dokarta a 1960, duniya ta amince da ita a 1961.

Ba a daɗe ba aka gwada ta. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 yunwa ta kama yankin da aka kewaye, jiragen sama suka riƙa kai abinci da dare a filin Uli. Ran 5 ga watan Yuni, 1969, aka harbo wani jirgin Red Cross, mutanen cikinsa suka mutu. Waɗansu likitocin Faransa da suka yi aiki a can ba su yarda da al'adar kwamitin ba ta yin magana da masu yaƙi a asirce. Su a ganinsu wanda ya ga ta'asa ya faɗa. A 1971 suka kafa tasu jam'iyyar, MSF, wadda gidajen rediyo ke kira likitoci na gari na kowa. Har gobe ana wannan gardama: in ka yi shiru ka samu hanyar isa ga fursuna, in ka yi magana a kore ka, amma shirun ma yana da nasa alhaki.

Su waɗannan likitoci sun zo Kano a 1996, shekarar da sanƙarau ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. Suka yi aiki a asibitin cututtuka masu yaɗuwa. A wannan asibiti kuma kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani cikin wani gwaji da ya haɗa yara wajen 200. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba, kamfanin ya musa, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Talaka ba ya iya rarrabe wanda ya zo taimako da wanda ya zo gwaji, zargin da ya biyo baya kuwa yana cikin abin da ya sa aka tsai da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004. Wannan ya nuna mana jarin mai agaji amana ce, in ta zube da wuya a kwashe.

Mu mutanen Unguwar Gano, wajen Gyadi-Gyadi da Tarauni, hanyar Maiduguri ba ta da nisa da mu. Ta nan ne mutanen Barno da Yobe suka yi ta shigowa Kano sa'ad da fitinar Boko Haram ta yi tsanani a 2014. Yawancin waɗanda suka gudu daga garuruwansu ba a sansani suka sauka ba, gidajen dangi da na bayin Allah ne suka karɓe su, aka raba ɗaki, aka raba tuwo. Waɗannan su ne matan Kastiliyone na ƙasarmu. Amma akwai abin da maƙwabci ba ya iyawa kome kirkinsa. Ba ya iya nemo yaron da ya ɓace a wata ƙasa, ba ya iya shiga kurkukun soja ya ƙidaya waɗanda ke ciki, ba ya iya ƙera ƙafar roba. A 2019 kwamitin Jeniba ya ce yana riƙe da sunayen mutum kusan 22,000 da suka ɓace a Nijeriya, ya fi na kowace ƙasa a lokacin. Ya kuma haɗa hannu da asibitin ƙashi na Dala wajen yi wa waɗanda suka rasa gaɓoɓi ƙafafun roba.

Alamar kuwa ba laya ba ce, ba ta tare harsashi. Ƙarfinta duka yana ga yardar mai riƙe da bindiga. Ran 17 ga watan Janairu, 2017, jirgin yaƙin Nijeriya ya jefa bom bisa kuskure a kan 'yan gudun hijira a Rann, cikin matattu har da ma'aikatan Red Cross shida. A 2018 'yan bindiga suka sace ungozoma biyu masu yi wa kwamitin aiki a garin nan, suka kashe su. Duk inda aka taɓa mai agaji, dubban da ke jiran taimakonsa su ne suka yi hasara.

To, 'yan'uwa, ga abin da muka gani cikin rayuwar wannan mutum. Bai yi fice a makaranta ba, bai iya riƙon dukiya ba, ya mutu ana binsa bashi. Amma ya ga abu da idonsa, ya rubuta shi yadda ya ke, ya kuma nemi a yi masa tanadin da zai wuce ransa. Shi ya sa da aka kore shi aikin bai faɗi ba, ran haihuwarsa kuma, 8 ga watan Mayu, ita ce ranar Red Cross da Red Crescent a duniya duka. Mu nan ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantu, waɗansu a birni, waɗansu a ƙauyen da babu likita sai an yi tafiyar yini. Yaron da aka koya masa yadda a ke tsai da jini, da ɗaure karaya kafin a kai ga asibiti, da haɗa ruwan gishiri da sukari ga mai zawo, da ma'anar alamar nan da dalilin da ya sa ba a taɓa mai ɗauke da ita, ya riga ya zama rabin abin da Dunant ya rasa a Kastiliyone. Wannan kuwa a aji a ke koyar da shi, tun gari yana lafiya. Allah ya kiyashe mu da fitina, ya ba mu ikon yin tanadi kafin ta zo, amin.